Yatsan Malam Umaru Danƙo

Ina tsakiyar filin makaranta da hantsi ina kafa sanduna sai na ji babur ya tsaya a bakin danga. Ban ɗaga kai ba, don na san kukansa. Na Sani mahauci ne, mutumin Zurmi, wanda tun da Malam Umaru ya kwanta ciwo yake zirga-zirga tsakanin garinsu da Ƙaura Namoda. Abin da ya sa na tsaya da bugun shi ne bai ƙwala mini kira daga nesa ba yadda ya saba. Ya tako har inda nake, ya dubi sandunan, sannan ya dube ni.

"Bitrus, sai haƙuri. Malam ya cika. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Bayan azahar za a kai shi."

Na ce masa to. Na ɗaga guduma zan ƙarasa abin da na fara, hannuna ya ƙi. Na zauna a ƙasa, Sani ya tsuguna kusa da ni.

Sunana Bitrus. An haife ni a kwatas ɗin reluwe na Ƙaura, inda layin dogo ya ƙare. Mahaifina mutumin Kafanchan ne, aikin gyaran tarago ya kawo shi, kuma mu Kiristoci ne. Na faɗi wannan tun farko domin wanda bai san shi ba ba zai gane abin da Malam Umaru ya yi mini ba.

Malam ɗan ƙauyen Sakajiki ne, ɗan manoma. A makarantar kwana wani malami ɗan Pakistan ya lura da yadda yake cafke ƙwallo a raga, ya ja shi gefe ya koya masa kurket. Ga wanda bai taɓa gani ba, wasa ne da ake kafa sanduna uku a jere. Mutum ɗaya ya rugo ya jefo ƙwallo ja mai taurin dutse yana neman ya kayar da su, wani ya tsaya gabansu da katako mai faɗi yana karewa, na uku kuma ya tsuguna a bayansu yana cafke duk wadda ta wuce. Malam shi ne na bayan. A ƙwallon ƙafa yana tsaron raga, a kurket yana tsaron bayan sanduna, kuma a duka biyun ya wakilci tsohuwar Jihar Sakkwato. Abin da ya taɓa hannunsa ba ya faɗuwa, shi ya sa aka sa masa Danƙo. Har yau dattawan Shinkafi ba su yafe masa wani bugun fanareti da ya kaɗe musu a gaban jama'arsu ba, suna kuma ba da labarin da alfahari kamar ɗansu ne. An neme shi daga manyan kulob na kudu. Ya je ya yi 'yan shekaru, mahaifinsa ya rasu, ya dawo ya rungumi gona da koyar da wasanni, bai sake waiwayar can ba.

Kada a ce na yi masa ƙarya don ya mutu: mutum ne mai taurin kai, mai rowar yabo. In ka yi jifa mai kyau iyakar abin da za ka samu shi ne "ba laihi". In ka zo da ƙorafi cewa wane ya zage ka ko wane ya raina ka, sai ya ce, "Ƙwallo ba ta san sunan uban kowa ba, koma hili." Amma shi ne mai ɗinke mana takalma da zaren buhu, shi ne mai bin gidaje yana roƙon iyaye su bar yaro ya zo atisaye bayan an taso daga gona. Ni ya tsince ni ina jifan mangwaro a bayan tashar jirgi. Na ɗauka duka zan sha. Ya ce in sake jifa ya gani.

Da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara kowa ya yi murna, amma kayan kurket duk suka zauna a Sakkwato. A garin nan kowa ya san Danƙo gola, babu wanda ya damu da ɗayan wasan. Ya sa wa ransa cewa sai sabuwar jiha ta fitar da 'yan kurket nata. Katakon dukan ƙwallo guda biyu ne kawai a hannunsa, tsofaffi, an naɗe musu mariƙi da robar tayar keke. Ya sa kafinta ya fiƙe masa sanduna. Da ya ga ƙasarmu ta rani tana cinye musu baki, sai ya kai su wurin maƙeri aka sa wa kowace tsinin ƙarfe. Ya yi ta jin daɗin wannan dabara. Ba wanda ya lura a cikinmu cewa abin da muke ɗauka a buhu ya zama kamar gajerun masu.

Da aka ƙaddamar da Shari'a an yi ta raɗe-raɗin za a hana wasanni. Malam bai jira kowa ya zo masa ba. Ya mayar da atisaye bayan la'asar, ya sa tela ya ƙara wa wandunan 'yan ƙwallo tsawo suka wuce gwiwa, ya kori masu caca daga bakin fili, abin da dama ya daɗe yana nema. Wani ya ba shi shawara a asirce cewa ya ɗan ajiye ni gefe har ƙura ta lafa. Ya ce, "Shari'a nika so, ni na yi mata kabbara. Nuna mini inda tac ce in kori mai jihwa." Ban ji wannan daga bakinsa ba, wanda ya ba da shawarar ne ya faɗa mini daga baya.

Sai rikicin Kaduna ya ɓarke. Motoci suka riƙa shigowa da mutanenmu na nan da suka tsere, wasu da rauni, wasu da labarin wanda bai tsira ba. A kwatas ɗinmu kuma labarin ɗaya ɓangaren ne yake zuwa. Maƙwabtanmu suka fara ɗaure kaya. Mahaifiyata ta hana ni ko leƙa ƙofa. Ana cikin haka jita-jita ta bazu cewa ana shigo da makamai a buhunan hatsi ana ɓoyewa a ƙauyuka.

A wannan makon ne Malam ya ga dama ya cika alkawarin da ya yi wa wata makaranta a Zurmi na zuwa nuna wa ɗalibai kurket, ko a samu waɗanda za su cike ƙungiya. Ni ne mai jifan da ya fi dogara da shi, ina da shekara ashirin da 'yan kai. Ya zo gidanmu da sassafe ya yi sallama. Mahaifiyata ta fito ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Malam, ka ga yadda gari yake. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wurina."

Ya ce, "Maman Bitrus, in kowa yab ɓoye ɗa nai, an gama raba mu ke nan. Ni nika ɗaukar shi, ni nika maido shi. Kahin magariba shina gabanki. Abin da duk zai same shi sai ya hwara samuna."

Ta dube shi ta ce amana ce. Har yau ban yanke wa kaina hukunci ba ko ya kyauta da ya ɗauke ni ranar. Na san dai ya yi kasada da ran da ba nasa ba, kuma ya sani.

Ranar kasuwa ce a Zurmi. Motar ta sauke mu a tasha, bakin kasuwa, mu biyu da wasu ɗalibansa uku. Kamasho ya wurgo buhunmu daga saman mota, bakin buhun ya ɓalle, sandunan suka zube a ƙasa ƙarfen yana ƙara. Katakon dukan ƙwallo suka biyo, da abin kare ƙwauri, da manyan safar hannu. Na sunkuya da sauri ina tattarawa. Da na ɗago, sanduna masu tsini a hannuna, na ga mutane sun daina ciniki suna kallona.

Wani ya ce, "Ga su nan, abin da aka ta hwaɗi." Wani da ya san ni a Ƙaura ya ce ai ɗan kwatas ɗin reluwe ne, ya kuma faɗi sunana. Daga nan ban ƙara jin magana ɗaya-ɗaya ba. Aka riƙe mini wuyan riga, aka murɗe hannuna ta baya. Wasu suka warware tabarmar da muke shimfiɗawa a wurin jifa suka yayyanka ta da wuƙa suna neman bindiga. Ɗaliban uku suna rantsuwa, ba mai sauraronsu. Na tuna mahaifiyata a bakin ƙofa, na tuna ko sallama mai kyau ban yi mata ba. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba kuma ba na fatan in sake.

Malam ya kutso ya tsaya a gabana, bayansa na taɓa ƙirjina. Wasu suka gane shi, na ji ana cewa Danƙo ne, golan Ƙaura. Sai jama'a ta dare, wani ƙaƙƙarfan mutum ya fito daga layin mahauta, wuƙar aikinsa a ƙugu, idanunsa jajur. Sani ke nan, ranar na fara ganinsa. Daga baya na ji cewa ƙanensa Lawali yana sayar da shayi a Kaduna, kuma a daren da ya gabata aka kawo musu labarin an kashe shi, ko gawarsa ba a samu ba.

Sani ya ce, "Danƙo, mun san ka, ba ruwanmu da kai. Matsa ka ba mu wancan."

Malam ya ce, "Uwa tai ta ba ni shi amana. Ba ni matsawa."

Sarkin kasuwa ya iso, tsoho ne mai sanda. Ya ɗauki ɗaya daga cikin sandunan ya shafa tsinin da yatsa. "Malam, mi ne ne wanga?"

"Kayan wasa ne, ranka shi daɗe. Kurket aka ce mishi."

"Mun san ƙwallo, mun san dambe, mun san kokawa. Ba mu san wasan da aka yi da mashi ba."

Mutane suka ɗauka da hayaniya, na ji ana ja na baya. A nan Malam ya yi abin da har gobe ban manta ba. Ya sunkuya ya ɗauki katakon duka, mafi nauyin biyun, ya kama hannun Sani ya damƙa masa. Ya nemi sarkin kasuwa ya sa a buɗe fili a tsakanin rumfuna. Ya kafa sanduna uku da dutse, ya tsayar da Sani a gabansu, ya nuna masa yadda ake riƙewa. Sannan ya cire hularsa ya ajiye a ƙasa, ya zaga bayan sandunan ya tsuguna, kansa a buɗe, kusa ƙwarai da inda katakon zai wuce. Mai tsaron baya ba ya matsowa haka in mai jifan yana jifa da ƙarfi, nesa yake ja. Safar hannunsa kuma tana hannun wani yaro da ya gudu da ita.

Ya ce wa Sani, "Ga makamin a hannunka, ga kaina. Yaron ga zai jeho ƙwallo, kai ka kare sandunan. In ka ga ƙarya nika yi, kada ka wahal da kanka zuwa wurinai. Hwara da ni."

Ya ɗaga murya ya ce a sake ni. Ban san dalili ba, amma aka sake ni. Ya mirgino mini ƙwallon.

Ga halin da nake ciki. Ƙasar kasuwa ce, duk ramuka da tsakuwa, tabarmar da za ta daidaita ta an yanke. Ƙwallon kurket in ta daki tsakuwa tana iya tashi ta fasa wa mutum fuska. In na fasa wa Sani fuska a gaban 'yan'uwansa, an gama da ni da Malam. In kuma na yi jifan wasa irin na yara, za su ce shiri ne. Na ja baya, na rugo, ƙwallon ta kuɓuce mini ta nufi gefe, kai tsaye wurin wata Bafulatana mai nono da goyo a bayanta.

Malam ya haura shekara arba'in a lokacin, gwiwarsa ɗaya ta daɗe da lalacewa. Na gan shi ya tashi daga tsugune ya miƙe a iska kamar yana raga, ya cafke ta da hannun dama tsirara, ya faɗi a gaban ƙwaryar matar. Ko nonon bai zube ba. Sai wani dattijo a baya ya ce a hankali, "Danƙo ke nan." Malam ya tashi yana kaɗe riga. Ya jefo mini ƙwallon, na ga jini a jikinta, na dubi hannunsa na ga manunin yatsansa ya juya inda bai kamata ba.

Bai dubi yatsan ba. Ya koma ya tsuguna a bayan Sani, ya buɗe tafukansa biyu, ya faɗi abin da ya saba faɗa mini a fili kullum, da muryar kullum:

"Bari kallon mutane. Ga ni nan. Jeho inda nike."

Na daina ganin kasuwar, na bar idona a kan hannayen nan biyu, ɗaya na ɗigar jini. Na rugo na saki. Sani ya kai duka da iyakar ƙarfinsa, da duk abin da ke cinsa, katakon ya kuskure ƙwallon ya wuce ta saman kan Malam har na ga gashinsa ya motsa. Sandar tsakiya ta tsige ta wuntsila ta faɗi can gefe. Malam bai ko sunkuya ba.

Sani ya tsaya katakon a sama, Malam a tsugune ƙarƙashinsa. Ya dubi kan Malam, ya dubi sandar da ta faɗi, ya dube ni. A wannan tsayuwar na fitar da rai da rayuwa.

Sani ya sauke hannu ya ce, "Sake."

Malam ya mayar da sandar. Na sake jefowa, a wannan karon ya same ta sosai, ta tashi ta haye rumfuna ta faɗa kara, wurin masu shanu. Yara suka bi ta da gudu suna ihu, wasu manya suka yi dariya ba su shirya ba. Sani ya saki katakon, ya zauna daɓas a ƙasa ya rufe fuska, yana kuka yana kiran sunan Lawali. Malam ya matsa ya zauna kusa da shi, yana yi wa mamacin addu'a. Da aka kira azahar ya kama shi suka tafi masallaci, ni kuma sarkin kasuwa ya zaunar da ni a rumfarsa ya ajiye sandarsa a bakin ƙofa.

Ba mu je makarantar ba. Wani mai ɗori ya ɗaure yatsan da kara. Rana ba ta faɗi ba muka iso kwatas, Malam ya yi sallama ya ce, "Maman Bitrus, ga amanarki." Ta dubi rigata da ta yage, ta dubi hannunsa. Ta shiga ta ɗebo masa ruwa.

Yatsan bai sake miƙewa ba, kuma daga ranar Danƙo bai ƙara cafke ƙwallo yadda aka san shi ba. Yakan yi wasa da abin ya ce ko gabas ya nuna sai yatsan ya nufi Zurmi. Ya sa maƙeri ya cire tsinin ƙarfen nan, iyakar amsa laifin da na taɓa gani ya yi ke nan. Iyayena sun koma Kafanchan da mahaifina ya yi ritaya, ni na zauna. Ƙungiyar da ya yi ta fafutuka a kanta ta fita gasa sau ɗaya, aka lallasa mu, ya ce "ba laihi". Sani kuwa bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba. Sai dai duk sallar layya cinya guda takan iso ɗakina daga Zurmi, kuma ɗansa na fari yana cikin yaran da nake koyarwa.

Da aka yi masa sallah a ƙofar gidansa na tsaya gefe, kamar yadda ya dace. Sahu ya kai har bakin titi, mutanen Sakajiki, na Shinkafi, na Zurmi, da tsofaffin 'yan ƙwallo masu ɗingishi. Na bi gawar zuwa maƙabarta na tsaya a bakin shinge. Ban san ko ya kamata in shiga ba, kuma mutumin da zan tambaya shi ne a cikin makara. Ina nan tsaye aka sa shi, aka jera itace, aka fara rufewa. Sai na ga Sani ya fito daga cikin mutane yana dube-dube. Ya zo ya kama hannuna, hannun da aka taɓa murɗewa a gabansa, ya ja ni ta tsakiyar jama'a har bakin kabarin. Wasu suka dube mu. Ya sunkuya ya ɗebo ƙasa ya zuba mini a tafi, ya ce:

"Bari kallon mutane. Ga shi nan."

Na jefa inda yake.

Ni ba malami ba ne, amma na tashi a cikinku na ji yadda kuke roƙo, kuma da zuciya ɗaya nake yi. Allah ya jiƙan Malam Umaru, ya gafarta masa kurakuransa, ya yalwata masa kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya riƙe amanar wata mace da ba danginsa ba har ya mayar mata, Allah ya riƙe masa nasa. Allah ya ba mai ɗakinsa Inna Rabi haƙuri, ya raya 'ya'yan da ya bari, ya tsare su daga ranar da za su nemi mai tsaya musu su rasa. Allah ya jiƙan Lawali da duk wanda ya fita neman abinci bai dawo ba. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da kyau. Amin.